Hanyar da Muntari Ya Raɗa wa Suna

Tungar Maliki, ƙasar Bagudo
Ƙarshen bazara

Zuwa ga Muntari,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya. Mu nan lafiya lau, sai zafi, sai gwiwar nan tawa da ba ta son safiya. Ni ce goggonka Halima, wadda ta goya ka tun ranar da aka binne ubanka, in dai ba ka manta ba.

Na daina kiran wayarka. Nan garin sabis ɗin tsallake ke kama mu, kafin in gama sallama kati ya ƙare. Kai kuma da ka ji na ɗauko magana sai ka ce kana cikin taro. To takarda ba ta shiga taro. Atiku direba zai kawo maka ita har Birnin Kebbi, kuma na ce ya tsaya ya ga ka buɗe.

Na ji an ɗauki ma'aikata a shige da fice, kuma ko nema ba ka yi ba. Muntari, mi ke damunka? Wanga gari bakin iyaka yake. Gidan da ke da ɗa mai kaki, ko tari uwarsa ta yi sai an zo gaishe ta. Ɗan Zakiyya tare kuka yi jami'a, abu ɗaya kuka karanta, yau ga shi da hula da takalmi. Ni kuwa mata su tambaye ni a bakin rijiya aikin mi ɗana yake yi, in ce yana tambayar mutane. Su ce tambayar mi? In ce yadda suke zaune. Sai su yi ta dariya har guga ya kufce musu. Shekarun nan duka da ka yi a Sakkwato, abin da aka koya maka ke nan, ka tambayi mutum yadda yake zaune?

Da rani ka zo ka aje mini 'yar rikoda a kan tabarma, ka sa ni surutu kan hanyar rafi da muke bi zuwa Tungar Sambo, can cikin ƙasar Binin. Na gaya maka yadda rabin danginmu ke can, yadda amarya da kayan suna da 'yan gaisuwar mutuwa duk ta nan suke wucewa tun kafin a haife ni. Na ji daɗin hirar, ba zan ɓoye ba. Amma hira da tsohuwa ba aiki ba ne, kowa na yi kyauta.

Taubashiyarka Mariyamu, autata, ta yi nauyi. In wata ya kama, mijinta Abbas zai rako ta daga Tungar Sambo ta zo goyon ciki, ta sauka a ɗakina kamar yadda ni ma na koma ɗakin uwata a na fari. Na fara tara itacen wanka. Ta ce a gaida Malam Tambaya.

Ka ba ni amsa kan maganar kaki, kada ka yi mini kwana-kwana.

Goggonka,
Halima Sa'adiya

*

Birnin Kebbi
Bayan ruwan farko

Zuwa ga Goggo,

Ina gaishe ki da girmamawa. Ina lafiya. Na ba Atiku man shafawa na gwiwa, a riƙa shafawa safe da yamma, kada a ajiye shi a ƙasan gado kamar wancan. Ki ce wa Mariyamu Malam Tambaya ya amsa, kuma yana tambaya ko har yanzu tuwonta na kwana a tukunya don babu mai iya ci.

Goggo, wasiƙarki ta ɓata mini rai, kuma gara in faɗa. Ba zaman banza nake yi ba. Abin da na karanta shi ne ilimin zamantakewa da na al'adun mutane, kuma ba ƙofa ɗaya gare shi ba. Cikin 'yan ajinmu, Bashira tana ma'aikatar jin daɗin jama'a, ita ke bin shari'ar marayu da matan da aka kora daga gida. Bunyaminu yana gidan gyaran hali, yana shirya fursunoni su koma cikin mutane. Akwai mai koyarwa a sakandare, akwai wadda ke kula da ma'aikata a wani kamfani a Kaduna, akwai wanda ya shiga gidan tarihi. Zainulabideen, wanda ya fi mu duka ƙoƙari, har yau waya yake sayarwa a kasuwar Kamba, don ki san ban ce abin sauƙi gare shi ba. Ni na samu bincike a wata ƙungiya mai aiki da garuruwan iyaka. Kafin a haƙa rijiya ko a gina asibiti, mu ake turawa mu ji yadda mutanen wurin ke rayuwa, don kada a gina musu abin da ba za su shiga ba.

Kaki kuwa ban raina shi ba. Amma ki duba. In aka ajiye ni a shinge, ranar da kika zo da ƙwaryar gero za ki tsallaka gaisuwa, me zan ce miki? Kawo takarda? Ko in kau da kai a kore ni? Ba zan iya ko ɗaya ba.

Yanzu ga abin da za ki gaya wa matan bakin rijiya. Hirar da muka yi da rani ba ta tafi a banza ba. Na bi hanyar rafi da ƙafata, na zana taswirarta, na rubuta rahoto a kanta. Da yake ba ta da suna, na sa mata Hanyar Zumunci. An yi babban taro a nan, da manya daga ko'ina, har da masu tsaron iyaka. Na tashi na karanta maganarki da bakinki, na nuna musu cewa dangi ɗaya ne iyaka ta raba, na roƙi a yi kwalbati a kan rafin don mata su daina kutsawa cikin ruwa da damina. Goggo, an tafa mini. Wani babba ma ya biyo ni waje ya nemi in ba shi taswirar, na ba shi.

In Allah Ya so, jikanki a kan siminti za a tsallako da shi. Ranar sai in ji me za su ce game da tambaya.

Ɗanki,
Muktar

*

Tungar Maliki
Shuka ta fito

Muntari,

Lafiya muke. Man ya iso. Gaisuwar ke nan, ba ni da wata.

Kwalbatinka ya zo. Da katafila ya zo. Ranar kasuwar Kende, gari ba maza, muka ji ƙugi a bayan gonaki. Kafin la'asar sun haƙa rami sun datse hanyar, tun daga gindin dutse har cikin fadama. Zurfinsa ya fi tsayin namiji, faɗinsa ko doki ba ya tsallakewa. Na je da kaina na tambayi yaron da ke tsaye da kaki, wanda na san uwarsa. Ya sunkuyar da kai ya ce, Goggo, tunda ta hau takarda ta kai gaban manya, ba yadda za mu yi.

Ka ji ko? Kana tsammanin kai ka gano hanyar nan? Kowa ya san ta. Ba wanda bai san ta ba, daga mai gari har mai tsaro. Abin da ya raya ta shi ne ba a faɗi. Ba a nuna ta da yatsa, ba a kiran ta da suna, in za ka bi ka ce za ka wajen rafi. Kai kuwa ka ɗauke ta ka zana, ka raɗa mata suna sai ka ce jaririya, ka kai ta taro aka tafa maka. Har ka miƙa wa mutum taswira da hannunka kana murna.

Ni na ɗauka hira nake da ɗana. Da ka ce mini bakina za ka kai gaban manya, da na haɗiye harshena.

Yanzu Mariyamu tana can, watan zuwanta ya kama. Hanyar da ta rage sai a zagaya ta babban shinge na kan titi, tafiyar wuni a kan babur, cikin ramuka, ga neman takardar da ba ta taɓa riƙewa ba. Abbas ya ce ba zai ɗora mai ciki a kan babur a wagga hanya ba, kuma ban ga laifinsa ba. Ka san can ba su da asibiti kusa. Namu ne nasu, nan wurin Shafa'atu ungozoma, da ake isowa kafin tuwo ya huce.

Wanga shi ne aikin da ka ƙi kaki dominsa. Mai kaki ko ya tare ni, ya san fuskata. Kai da alƙalami ka tare gari biyu kana zaune a ofis.

Kada in ga ƙafarka a garin nan.

Halima

*

Tungar Maliki
Tsakiyar damina

Muntari,

Ina fatan kana raye, don ban da wata shaida. Atiku ya je ya dawo, ya je ya dawo, hannu wofi. Ya ce in ya leƙa ofishinku sai a ce ka fita.

Ramin ya cika da ruwa, ya haɗe da rafi, yana gudu ja wur. Kullum da hantsi nakan je bakinsa, Mariyamu ta fito ta wancan gefe, mu yi ta ɗaga murya kamar masu kiran shanu. Ƙafafunta sun kumbura, daga nan ina gani. Shekaranjiya na ƙulla mata kanwa da daddawa a tsumma na jefa, hannuna bai kai ba, ruwa ya tafi da su. Ta yi dariya don kada in yi kuka.

A bakin rijiya yanzu ba a yi mini dariya. In na iso sai a yi tsit. Ni da ba a suna ba a biki sai da ni, na zama wadda ake ɓoye wa magana.

Ka yi ɓarna ka shige ɗaki ka rufe. Ko haƙuri ba ka iya bayarwa? A wane aji aka koya muku haka?

Halima

*

Birnin Kebbi
Watan Agusta

Goggo,

Ina gaishe ki. Ba ni da cikakkiyar lafiya, zazzaɓi ya kayar da ni, amma na tashi.

Kin ce na shige ɗaki. Ranar da wasiƙarki ta farko kan ramin ta iso, na ɗauki jaka na tafi tasha. Har na zauna a mota, na sake karanta inda kika ce kada ki ga ƙafata, na sauka. Ke kika faɗa. Tun ina yaro in kika ce kada, ba na ƙetarewa. Yanzu kuma zamana ya zama laifi?

Ban rubuto ba don ba na son in aiko miki da baki wofi. Tun daga ranar nake yawon ofis-ofis. Wannan ya ce ba shi ba ne, wancan ya ce in dawo mako mai zuwa, wani ya bar ni a kan benci har aka tashi aiki. Shugabana a ƙungiya cewa ya yi wannan darasi ne, in rubuta rahoto na biyu a kan abin da ya faru. Na kusa jifansa da kujera. Bashira ce kaɗai ta tsaya mini, ita ta san ƙofofin da ake ƙwanƙwasawa.

Kuma tunda yau faɗa muke, bari in faɗi nawa. Kin ba ni labarin amare da kayan suna. Ba ki ba ni labarin baburan da suka fara bin hanyar da jarkokin fetur da buhunan shinkafa ba, alhali ta bayan gidanki suke wucewa. Duk garin kun sani, kuka bar ni na tsaya gaban mutane ina rantsuwa hanyar mata ce da tsofaffi. Wanda na ba taswirar ya ce mini da ma suna neman ta. Taswirata ce ta kai su, wannan ba na musu. Amma shekara nawa kuna kallon matan gari biyu suna kutsawa cikin ruwa har ƙirji da goyo, ba wanda ya buɗe baki? Ni na ga abin ya dame ni, na nemi a gyara. Shirun da kuke taƙama da shi bai taɓa ɗora ko katako ɗaya a kan rafin nan ba.

A bar wannan. Maganar Mariyamu ita ce gaba. Na roƙi motar ƙungiya, an ba ni. Bashira ta samo takardar da za a bar mai ciki ta wuce. Ki ɗaga murya ki gaya wa Abbas ya kawo ta babban shinge ko a amalanke ne, a hankali, ya faɗi ranar. Zan tsaya da mota ta wannan gefe in kawo ta har ƙofar Shafa'atu. In ba ki son ganina, zan sauke ta in juya.

Ki amsa mini da wuri, don Allah.

Muktar

*

Birnin Kebbi
Ƙarshen Agusta

Goggo,

Gaisuwa da fatan alheri. Ban ji daga gare ki ba, wayarki kuma ba ta shiga. An ce ruwa ya cinye hanyar Kende, Atiku bai fito ba, don haka na ba wani mai babur wannan.

Albishir. An zauna jiya, an amince. Da zarar ruwa ya ɗauke za a ɗora gadar ƙarfe ta masu ƙafa a kan ramin, a sa mai gadi, mutanen gari biyu su riƙa wucewa da rana ba tare da takarda ba. Babur ne kawai ba zai hau ba. Na ga an sa hannu da idona. Goggo, yau ko wane babba ya zo ba zai iya rufe ta ba, don an san da ita.

Ƙungiya kuma ta ce ni zan jagoranci irin wannan bincike a Kamba bayan girbi.

Motar tana nan tana jira. Me Abbas ya ce?

Ɗanki,
Muktar

*

Tungar Sambo, ƙasar Binin
Gero ya fara nuna

Muntari,

Ina gaishe ka. Wasiƙunka biyu tare suka same ni. Ta farkon ta daɗe a Kende kafin hanya ta buɗe. Ka ga daga inda nake rubutowa.

Maganar mota, ko ta iso da wuri ba ta da amfani. Abbas ya riga ya rantse ba abin da zai karɓa daga hannun mutanenku, kuma hanyarsu ta zuwa titi ruwa ya yanke ta.

Naƙuda ta kama Mariyamu ranar wata Talata da safe. Har azahar ba labari. Uwar mijinta ta ga abin ya fi ƙarfinta, suka shimfiɗa ta a amalanken shanu suka kawo ta bakin ramin, don nan ƙafarsu ta saba kawo su. Aka kira ni, na kira Shafa'atu. Muka tsaya ta nan, suna ta can. Maza suka sare giginya suka tura, bakin ramin ya zabtare da ita. Abbas ya ɗaura igiya a ƙugu ya faɗa ruwan, da ƙyar aka jawo shi. Shafa'atu tana ta ɗaga murya, ku juya ta haka, ku ɗaga mata ƙafa, ruwa na cinye rabin maganar. Ina tsaye ina kallon ɗiyata tana kiran Inna. Tsakaninmu bai fi daga ɗakina zuwa zaure ba.

Da la'asar suka juya da amalanken suka nufi asibitin ƙasarsu. Sai washegari suka isa. An ciro yaro, namiji, bai zo da rai ba. Ita Allah Ya bar mana ita.

Na zagayo ta titi, ni da gwiwata. Itacen da na tara yana can gida, nan da na aro nake dafa mata ruwan wanka.

Ka ce na hana ka zuwa shi ya sa ka sauka daga mota. Wane ɗa ne uwa ke ce masa kada ya zo, ya zauna? Zuwa ake yi a tsuguna a ƙofa a sha zagi. Maganar babura kuwa gaskiyarka ce, mun sani mun yi shiru. Na juya ta a raina har na gaji. Ba ta rage mini komai ba.

Gada kuma, Allah Ya sa alheri. Wasu za su taka.

Ba zan ƙara yi maka maganar kaki ba. Ka yi aikin da ka zaɓa. Amma in ka je Kamba ka aje rikodarka gaban wata tsohuwa, ka gaya mata inda maganarta za ta kafin ta buɗe baki. Wannan kaɗai nake nema gare ka.

Abbas ya gaya mini tun cikin yana ƙarami Mariyamu ta roƙe shi, in namiji ne a sa masa sunanka, wai ko ya yi karatu. Da rami ya zo ya so ya fasa, ya rasa dalilin da zai ba ta. Don ba ta sani ba, Muntari. Saboda cikin, duk gari biyu aka haɗa baki aka ɓoye mata wanda ya jawo katafila, har yau ba wanda ya faɗa. Ni ma ba zan faɗa ba. Kai ne mai faɗin abin da ba a faɗi, ka zo ka gaya mata da bakinka.

Yanzu haka tana kwance kusa da ni, ta ga ina rubutu. Ta ce in gaida Malam Tambaya, in tambaye shi ko aikin yana tafiya daidai.

Na isar.

Goggonka,
Halima Sa'adiya